Amsar tambaya: yadda za ka tsara allon taɓawa don baje kolin rayuwar Birnin Kebbi

"Assalamu alaikum Yaya, barka da ƙoƙari. Ni na gama karatun kwamfuta ne, ina zaune Birnin Kebbi. Wata ƙungiyar matasa da nike ciki tana shirya baje koli na sati biyu kan rayuwar garin nan, kasuwa da fadama da makarantu da yadda gari ya faɗaɗa, sun ce ni zan haɗa allunan taɓawa guda huɗu da mutane za su riƙa dannawa suna kallo. Na iya haɗa shafin intanet da ƴar manhajar waya amma ban taɓa yin irin wanga ba. Ta ina zan fara, wane irin allo za mu saya, kuma mi ya kamata in zuba a ciki? Don Allah a taimaka, kuɗinmu ba yawa."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. Wallahi na ji daɗin ganin matasa sun tashi da kansu za su nuna garinsu ba tare da sun tsaya jiran wani ya zo ya yi musu ba. In na fahimce ka da kyau abu uku ka tambaya, ta ina za ka fara, wane allo za ku saya, da abin da za ka zuba ciki. To ni zan ɗan juya maka jerin, don sayen allo shi ne na ƙarshe. Mafi yawan ayyuka irin wanga da na ga sun lalace daga nan sunka fara lalacewa, a ruga a sayo manyan alluna tun ba a san mi za a nuna ba, kuɗi su ƙare, sannan a dawo ana neman abin da za a cika su da shi, ƙarshe sai ka tarar an zuba jawabin shugaban kwamiti da hotunan manyan baƙi, mutane su taɓa sau ɗaya su wuce.

Abu na farko da nike so ya zauna maka shi ne, allon baje koli daban yake da waya, duk da cewa duka shafawa ake yi. Waya mutum ɗaya ke riƙe da ita, yana zaune, tashi ce, ya san inda komai yake, in ya ɓata zai sake gwadawa don ba wanda ke kallonsa. Allon baje koli kuwa mutum a tsaye yake, bai taɓa ganinsa ba sai yau, akwai mutane a bayansa suna jira, kuma yana jin kunyar ya danna wani abu ya lalace a ce shi ne. Ya fi kama da teburin mai shayi, ɗaya ake haɗa wa amma biyar ne a kewaye suna kallo suna sa baki. Duk shawarar da zan ba ka a ƙasa daga nan ta fito.

Za ka ga misalai a intanet na ƙasashen waje, kuma ka kalla don ƙaruwa. Gidan adana kayan fasaha na Cleveland a Amurka ya buɗe wani bangon taɓawa a 2013 mai tsawon kusan mita 12, mutane da yawa na taɓa shi lokaci ɗaya, haka gidan tarihin birnin Niyok ya buɗe babban baje kolin tarihin birnin a 2016 da alluna inda baƙo ke gwada tsara unguwa da kansa. Suna da kyau ƙwarai, sai dai an gina su ne a ɗaki mai sanyi, wuta ba ta ɗaukewa, ga ma'aikata da ke kula da su kullum, ga baƙi da kusan dukansu na karatu da harshen da anka rubuta. Kai ba ɗaya daga cikin waɗannan da kake da tabbacinsa, don haka ka ɗauki dabara ka bar siffa.

Su wa za su tsaya gaban allon

Kafin ka buɗe kwamfuta ka zauna ka lissafa waɗanda za su shigo ɗakin da gaske. Ƴan makarantar firamare da sakandare da malami zai kawo su talatin ko arba'in a tare. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da na jami'ar tarayya, su ba su da matsala, ko mi ka yi za su gane. Dattawa waɗanda su ne sunka fi kowa sanin labarin amma ido ya yi rauni, wasunsu ajami sunka iya ba boko ba. Mata da za su zo da goyo da yara biyu a hannu. Ɗan kabu-kabu da ya leƙo na minti biyar. Mai keken guragu. In ka tsara don ɗaliban jami'a ka rasa sauran duka, in ka tsara don dattijo da ƴar aji huɗu to ɗan jami'a ma zai ji daɗinsa.

Akwai abin da na sha gani in na tsaya daga gefe ina kallon yadda ake amfani da allon da munka kafa. Dattijo zai zo ya tsaya nesa kaɗan hannu a baya, ya daɗe yana kallo, ba zai taɓa ba sai ya ga wani yaro ya taɓa kuma ba abin da ya faru, sannan ya matso, kuma sau da yawa da farce zai ƙwanƙwasa ko ya danna da ƙarfi ya riƙe kamar madannin rediyo. Uwa kuma ba ita ke dannawa ba, yaron ke dannawa ita tana gaya masa wanda zai taɓa. In maza sun cika gaban allo mata ba za su kutsa ba, za su tsaya baya su ɗan jira su wuce. Wannan ya koya mini abubuwa da ba a rubuta a littafin koyon manhaja ba. Dannawa mai tsawo da gajera duk su yi aiki ɗaya. Kar allo ya ruɗe in hannu uku sun sauka kansa lokaci guda, ka sa ya karɓi na farko ya yi watsi da sauran na ɗan daƙiƙa. Ka bar fili ta gefe biyu na kowane allo, kar a manna shi a lungu. In da hali ku rataya talabijin ta gida a sama tana nuna abin da ke kan allon, don na baya su gani ba sai sun matso ba, wannan ɗaya kaɗai yana ninka yawan masu amfana. Kuma ku yi magana da kwamiti a ware wasu awanni ko wata rana ta mata da yara, za ka sha mamakin yadda za su sake su yi ta dannawa.

Abin da za ka zuba

Alluna huɗu gare ka, to kowane allo tambaya ɗaya zai amsa, ɗaya tak. Kar ka yi manhaja ɗaya mai komai da komai ka kwafa ta sau huɗu, don wanda ya taɓa na farko ba shi da dalilin zuwa na biyu. Ga yadda ni zan raba da ni ne, kai kuma ka gyara daidai da abin da kuke da shi.

Na farko, yaya garin nan ya girma? Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha ran 27 ga Agusta 1991 da anka cire Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, kuma duk wanda ya haura shekara arba'in zai gaya maka inda gari ya tsaya a lokacin da inda yake yanzu. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne, akwai su tun na shekarun 1980, ba za su nuna maka gida ɗaiɗai ba don kowane ɗigo mita 30 ne a ƙasa, amma suna nuna yadda gari ke cin daji sarai. Ka ɗauki shekara uku ko huɗu ka sa kowace a babban madanni, mutum ya taɓa 1991 ya gani, ya taɓa ta bana ya gani. Kar ka yi abin ja da yatsa daga hagu zuwa dama, matasa na son sa amma ja ya fi dannawa wuya ga wanda bai saba ba. Sannan ka rubuta sunayen shiyoyi a kan taswirar, Makerar Gandu, Nasarawa, Tudun Wada, Badariya, Gesse, Rafin Atiku da sauransu, domin abin da kowa zai fara yi shi ne neman unguwarsu, in ya same ta ka kama shi, zai kira abokinsa ya zo ya gani. Sunayen nan kuwa ka bi su da bakin mazauna, kar ka dogara da abin da ke kan taswirar intanet kawai.

Na biyu, kuma shi na fi so, yini ɗaya a garin nan daga asuba zuwa bayan isha'i. Fuskoki ko hannaye shida a allo, ka zaɓa daga irin su mai ƙosai da ke hura wuta kafin a fito masallaci, ɗan ga-ruwa, mai keke napep, malamar firamare, maƙeri, mai kanti a babbar kasuwa, nas mai aikin dare. Ka taɓa mutum sai ya yi maka magana da muryarsa na minti ɗaya ko ƙasa da haka, hotuna uku ko huɗu na wucewa. Ba sai an yi bidiyo ba, hoto mai kyau da murya mai fita sun fi bidiyo mai rawa da iska na busawa cikin makirfo. Abin da ke sa wanga allo ya yi rai shi ne tambayar da za ka yi musu. Kar ka ce "ba mu tarihin sana'arka", za su yi maka jawabi. Ka ce ƙarfe nawa kike tashi, nawa ne kurar ruwa yau kuma nawa take lokacin da ka fara, wace rana ce ta fi wuya a shekara. Nan ne magana ta gaskiya ke fitowa.

Na uku fadama da shinkafa, tunda ba a maganar Kebbi a bar ta. A nan Birnin Kebbi anka ƙaddamar da shirin bashin manoma na babban banki a Nuwamban 2015, kuma ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, duka biyun mutane na da abin faɗa a kai. Ka bi buhu ɗaya daga iri zuwa tukunya, dashe, ban ruwa da injin, korar tsuntsu, yanka, bugu, matan da ke turarawa, injin casa, kasuwa. Kowane mataki hoto ɗaya murya ɗaya. A gefen allon ku aje damin shinkafa na gaske da lauje da ƙwarya, mutane su taɓa da hannu. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, ginin da ya kasance fadar sarki tun 1831 kafin a maida shi gidan tarihi a 1958, ya san abin da ke tsayar da mutum shi ne ganin kayan da kansu, ganguna da makamai da kayan kamun kifi. Allo aikinsa ya ba da labarin da kaya ba za su iya faɗa ba, ba ya maye gurbinsu ba.

Na huɗu ka bar wa baƙi su yi magana. Tambaya ɗaya mai zaɓi huɗu ko biyar da hoto, misali mi ya fi damun unguwarku, ruwan sha, magudana, wuta, shara, hanya, mutum ya taɓa ya ga yadda sauran sunka zaɓa. Kar ka sa wurin rubutu da madannan haruffa, yana cin lokaci, layi zai taru, kuma wani zai rubuta abin da ba ku so a gani a bainar jama'a. Ka sani yara za su danna sau goma goma, don haka ka sa jinkirin daƙiƙa goma sha biyar tsakanin zaɓi da zaɓi, kuma kar kowa ya ɗauki sakamakon a matsayin ƙididdiga, abin tada hira ne.

In za ku taɓo tsohon tarihi, zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kebbi, da birninsa Surame da abin da ya faru a 1805 lokacin da mayaƙan jihadi sunka ci Birnin Kebbi, to ka taka a hankali. Labarin nan yadda ake ba da shi a Argungu da yadda ake ba da shi a Gwandu ba lallai su zo ɗaya ba, kuma zuriyar kowane ɓangare za su shigo ɗakin. Wannan ba aikin mai haɗa manhaja ba ne shi kaɗai, ku kai rubutun ga malaman tarihi da mutanen fada su duba kafin ya hau allo.

Murya kafin rubutu

Nan ne nike so ka fi kashe ƙarfinka. Mu mutanen ji ne, rediyo ta raine mu, yanzu ma dubi yadda saƙon murya ya fi rubutu yawo a WhatsApp. Don haka duk abin da ke rubuce a allon ya zama ana iya jin sa, har da umarnin farko. Mutum na matsowa ya taɓa ko'ina sai murya ta ce "sannu da zuwa, taɓa hoton wanda kake so ka ji labarinsa", shi ke nan. Kuma muryar ta zama ta ɗan gari ko ƴar gari, da Hausar nan tamu, kar ku je neman mai karanta labarai da zai gyara harshe har dattijo ya ji kamar ba da shi ake ba. In kuna da masu yi muku, ku ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Dakarci da Turanci ko a allo ɗaya ne, sai dai duk harshen da ka ƙara aikin naɗar murya ya ƙaru, to gara biyu masu kyau da biyar rabi da rabi. Wajen zaɓen harshe kar ka sa tuta, ka rubuta sunan harshen kuma in an taɓa ya yi gaisuwa da shi.

Matsalar murya ita ce hayaniya. Alluna huɗu na magana lokaci ɗaya a ɗaki mai siminti da kwano ba wanda zai ji komai. Abin sawa a kunne ba na ba da shawararsa a nan, yana karyewa cikin kwana kaɗan, mutane na ƙyamar sa abin da wani ya cire, kuma mace mai hijabi ba za ta tsaya kiciniya da shi ba. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne a raba allunan kusurwa kusurwa, ƙaramar sifika a sama da kan mutum tana kallon ƙasa, a rataya labule mai kauri ko tabarmi a bango su sha amo. Kuma ka yi wa mai kula da ɗakin wata hanya ta kashe sautin duka da taɓawa ɗaya in an kira salla.

Rubutu kuma kaɗan, kar ya wuce kalma talatin zuwa arba'in a shafi, manya, baƙi a kan fari ko fari a kan duhu sosai. Ƙa'idar da masu tsara shafuka ke bi ita ce bambancin hasken rubutu da na bayansa ya kai 4.5 bisa 1, akwai shafukan da ke auna maka kyauta. Kar ka ɗora rubutu a kan hoto. Ka gwada samfurin rubutunka da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ tun ranar farko, da yawa daga masu kyan gani ba su da su, sai ka ga akwati ya fito a tsakiyar kalma ko harafin ya bambanta da ƴan uwansa. Noto Sans na da su, Andika ma na da su kuma don masu koyon karatu anka yi shi. In za ka sa ajami, kuma ina ba ka shawara ka sa ko a kanun shafi da madannai ne, akwai samfuran rubutu na Alkalami da Harmattan, duka kyauta ne kuma don rubutun ajamin yankinmu anka tsara su. Ka samu malamin allo ya duba maka, don na'ura na iya sa wasali inda bai dace ba. Ranar da na ga wani tsoho ya kai yatsa kan layin ajami yana bi yana karantawa a bayyane, jikansa na tsaye yana kallonsa, na san wahalar ba ta tafi banza ba.

Girman madanni da tsayin allo

A waya Google na cewa wurin taɓawa kar ya gaza kusan milimita 9. A allon tsaye ka ninka, santimita 2 shi ne mafi ƙanƙanta, manyan zaɓuɓɓuka kuwa su kai tafin hannun yaro, da tazara tsakaninsu. Zaɓi kar ya wuce shida a shafi, zurfi kar ya wuce hawa biyu, wato shafin farko, sai labari, sai komawa. Alamomin da ka saba da su, layi uku na jerin zaɓi, gilashin bincike, ɗan gida, duk ka ajiye su. Ka sa madanni ɗaya babba a wuri ɗaya a kowane shafi an rubuta "Koma farko". Duk abin da anka taɓa ya nuna alama nan take, ya canza launi ko ya yi ɗan sauti, don abin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa mutum na fara jin jinkiri, in ya kai daƙiƙa biyu zai sake dannawa ya ce ya lalace.

Tsayi kuma, ƙa'idar Amurka ta masu buƙata ta musamman ta ce abin da za a taɓa kar ya wuce santimita 122 daga ƙasa, kuma wannan ma'auni ya yi daidai da yara da mai keken guragu. To madannai su zauna a rabin allo na ƙasa, hoto a sama. Ka sa kafinta ko mai walda ya ɗan kwantar da allon baya, ba a miƙe sak ba, hannu bai gajiya kuma hasken taga bai dawowa ido. A bar wuri a ƙarƙashi inda gwiwar mai keke za ta shiga. In an bar allo ba a taɓa ba na minti ɗaya ko ɗaya da rabi ya koma farko da kansa, amma kar ya yanke murya tana cikin magana. Shafin jiran kuma ya riƙa motsi, hotunan gari na wucewa da hoton hannu yana taɓawa, in ba haka ba mutane za su ɗauka talabijin ce.

Zafi, ƙura da wuta

Sai yanzu munka zo kan saye. Iri biyu za ka fi samu. Akwai mai jin fatar yatsa irin na waya, yana aiki ta bayan gilashi, ƙura ba ta dame shi sosai, amma ya fi tsada kuma bai jin farce. Akwai firam mai hasken infrared da ake ɗorawa a kan talabijin ta gida a haɗa da kwamfuta ta USB, ya fi araha nesa ba kusa ba kuma yana jin komai har farce da bakin biro, sai dai in ƙura ta taru a gefensa ko rana ta haske shi kai tsaye yana ruɗewa, ko ƙuda ya sauka sai ya ɗauka an taɓa. Da yake kun ce kuɗi ba yawa kuma sati biyu ne, ni zan ce ku ɗauki firam ɗin a kan talabijin inci 32 zuwa 43 da gilashi mai ƙarfi a tsakani, a riƙa goge gefen da busasshen ƙyalle safe da rana, musamman in lokacin hunturu ne. In ma hakan ya yi yawa, alluna biyu masu kyau sun fi huɗu masu wahala, sauran biyun ku yi su da hoto bugagge da sifika mai madanni.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Yawancin alluna an yi su ne su yi aiki zuwa digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana wuce haka, balle cikin akwatin katako da anka rufe ruf. A huda akwatin sama da ƙasa, a sa ƙaramar fanka tana fitar da iska, kar a jingina shi da bangon da rana ke duka. In kuna da zaɓin lokaci ku kauce wa bazara. Tablet kuma in za ku yi amfani da ita kar a bar ta a caji dare da rana cikin zafi, batir na kumbura.

Komai ya zauna cikin na'urar, kar ka dogara da data ko na minti ɗaya. Tunda ka iya haɗa shafin intanet ka riga ka iya aikin, ka yi shi shafuka na gida ka buɗe da Chrome a yanayin kiyos wanda ke rufe komai sai shafinka, ka kashe zuƙo hoto da yatsa biyu da dannawar dama da duk hanyar da yaro mai wayo zai bi ya fita, don za su nema kuma za su samu in ka bari. Ka saita kwamfutar ta kunna kanta in wuta ta dawo ta buɗe shafin ba tare da an taɓa ta ba. In ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi za ka sa, ka sani yankewar wuta na lalata katin memori, to ka maida shi na karatu kawai, wato na'urar ba ta rubuta komai a kansa, kuma ka aje kati na biyu da anka riga anka kwafa a aljihun mai kula da ɗaki. Lissafin wuta sama-sama, allo inci 43 da ƙaramar kwamfuta da sifika za su ci wajen wat 130, huɗu ke nan ɗari biyar da ɗoriya, awa takwas kuwa ya haura kilowat-awa 4 a yini. Ka duba takardar bayan kowace na'ura don ainihin adadin, sannan ka kai wa mai haɗa sola da inbata ya auna muku, ni aikina tsara abin da ke kan allo ne, haɗa waya aikin masu shi ne. Ko da janareto za ku yi, allunan su bi ta inbata ko UPS, wato ɗan batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, kar a haɗa su kai tsaye.

Kafin ku kashe ko naira

Ka samo kwali girman allon da alƙalamin maka, ka zana shafin farko a ɗaya, shafukan ciki a wasu, ka jingina a bango daidai tsayin da na faɗa. Ka kira mutum biyar ko shida da ba su san aikin ba, kakarka ko wata tsohuwa a gidanku, yaro ɗan aji uku, mai gadi, wata matar aure, ɗan kabu-kabu. Ka ce su taɓa abin da sunka ga dama, kai ne kwamfutar, in sun taɓa ka canza kwali ka kunna muryar daga wayarka. Sharaɗin kawai ka yi shiru, kar ka nuna, kar ka yi bayani. Inda duk mutum biyu sunka tsaya suna kallonka to wurin ne ke da gyara, ba su ba. Yini ɗaya na wanga gwaji zai hana ka sati na gyaran manhaja.

Sai maganar izini, kuma kar ka ɗauke ta ƙarama. Duk wanda za ka naɗi muryarsa ko hotonsa ka gaya masa a fili inda za a nuna da tsawon lokacin, da ko za a sa a Facebook bayan an gama, ka naɗi amincewarsa da bakinsa a farkon rikodin. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan, amma tun kafin doka akwai mutunci, garin nan kowa ya san kowa. Matar aure a nemi yardarta da ta gidanta, in ba ta son fuska a ɗauki hannunta tana aiki, sau da yawa ma hoton ya fi kyau. Yara sai da iyaye ko malaminsu, kuma kar a nuna almajiri ko mai ƙaramin ƙarfi a yanayin da shi kansa zai ji kunya in ya shigo ya gani. Ku gayyaci duk waɗanda ke cikin allon ranar buɗewa su fara gani kafin kowa.

Ban ga ɗakin da za ku yi amfani da shi ba, kuma faɗinsa da inda tagogi suke da irin rufinsa na iya canza wasu daga cikin abin da na faɗa, musamman wajen sauti da inda za a kafa kowane allo. Ka auna shi, ka ɗauki hotonsa da safe da kuma bayan azahar lokacin da rana ta juya, ka turo mini tare da zanen kwalin naka in duba. Sannan tun yanzu ku fitar da matasa biyu da za su tsaya kusa da allunan duk tsawon sati biyun, su yi wa mutane maraba, su fara taɓawa a gaban mai jin nauyi, su goge ƙura, su san yadda ake kashewa a kunna, kuma a rubuta musu matakan a takarda ɗaya a manna a bayan akwatin tare da lambar wayarka.